Umma Ta Sauka

A unguwar New Bell ta Duwala, a ƙasar Kamaru, akwai wata yarinya 'yar shekara tara. Tana da kirki, sai dai ƙafarta ta fi kunnenta sauri. Kafin ka gama ba ta saƙo ta kai bakin ƙofa.

Wata tara ke nan tana jiran ƙani ko ƙanwa. Ta ninke kayan jariri ta warware, ta sake ninkewa, har Umma ta ɓoye su.

A shekarar nan gari ba lafiya, ana yajin aiki. Daga Litinin zuwa Juma'a ana rufe kasuwa da makaranta, ko tasi ba ta fita. Sai ran Asabar ake sayen abin da za a ci. Shi ya sa Baba ya tara itace a bayan ɗaki tun da wuri.

Ya ce mata, "Wannan na wankan jegon Ummanki ne. Bayan haihuwa za ta riƙa wanka da ruwan zafi safe da yamma. Kada a taɓa ko ɗaya sai ta sauka."

"Sai ta sauka daga ina, Baba?"

Baba ya yi dariya. "Haka ake cewa idan mace ta haihu. Ta sauka lafiya."

Yarinyar ta riƙe kalmar nan gam.

Ran Litinin da safe Umma ta dafa bango, ta ce bayanta na ciwo. Goggo Hajjo, ƙanwar Baba, ta dube ta ta ce, "Naƙuda ce." Yarinyar ta hau tsalle a tsakar gida. Murna ta hana ta ko karyawa.

Babu mota a titi, sai aka kira maƙwabcinsu Kawu Ɓoɓɓo mai babur. Bafulatani ne daga arewa, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya ɗauki Umma a hankali zuwa ƙaramin asibitin haihuwa na unguwa. Baba da Goggo Hajjo suka bi su a ƙafa.

Kafin ya fita Baba ya ce, "Ki zauna a gida. Idan ta sauka zan aiko, ke za ki kai wa Tsohuwa albishir."

Tsohuwa ita ce kakarta, mahaifiyar Baba. Gidanta na layi na uku.

Ba a yi rabin awa ba sai ga ƙarar babur. Yarinyar ta fita a guje.

"Kawu, yaya Umma?"

Kawu Ɓoɓɓo yana goge gumi ya ce, "Ai ta sauka lafiya."

Ya buɗe baki zai ƙara magana, amma wa zai faɗa wa? Yarinyar ta sha kwana, takalminta ɗaya a ƙofar gida.

Ta faɗa gidan Tsohuwa tana haki. "Albishirinki, Tsohuwa. Umma ta sauka!"

"Da wuri haka? Alhamdu lillahi. Me aka samu?"

Nan ta ɗan yi turus. "Ban tambaya ba."

Tsohuwa ta rangaɗa guɗa duk da haka. Yarinyar kuwa ba ta tsaya nan ba. Ta shiga gidan su Bilki ƙawarta, ta shiga gidan mai ƙosai, ta shiga gidan tela. Gida bakwai ta shiga, alhali gida ɗaya aka aike ta.

Kafin hantsi tsakar gidansu ta cika da mata 'yan barka. Aka ɗora babbar tukunya, aka jawo itacen bayan ɗaki, aka hura wuta don mai jego ta tarar da ruwan zafi. Tsohuwa ta dama kunun kanwa, ta ɗauki sandarta.

"Zo ki riƙe mini kwanon nan, mu je in ga jikana."

Gwiwar Tsohuwa na ciwo, sai da suka huta sau uku a hanya. Suna shiga asibitin yarinyar ta tsaya cak. Ga Umma can tana tafiya a hankali a baranda, Goggo Hajjo na riƙe da ita. Cikin yana nan yadda yake.

Tsohuwa ta dubi cikin, ta dubi jikarta. "Wa ya ce miki ta sauka?"

"Kawu Ɓoɓɓo."

Baba ya dafe kai. "Daga babur ta sauka, 'yata. Daga babur."

Goggo Hajjo ta yi dariya har da hawaye. Ita kuwa yarinyar kunya ta kama ta, ta fashe da kuka.

Ungozoma ta fito, wata mace mai farar riga. Ta durƙusa gaban yarinyar ta ce da Faransanci da Hausa, "Doucement, ma fille. A hankali. Kin zaci haihuwa kamar dafa shayi ce?"

"Na zaci da an zo asibiti sai a ba da jariri."

"A'a. Naƙuda tana ɗaukar lokaci. Ciwon yana zuwa ya tafi, ya sake zuwa. Da farko yana daɗewa kafin ya dawo, daga baya ya riƙa zuwa kusa da kusa. Haka jiki yake buɗe wa jariri hanya, kaɗan-kaɗan."

"Awa nawa?"

"Kowace mace da nata. Haihuwar fari takan kai yini guda, wani lokaci har ta wuce. Ta biyu takan fi sauri, amma ita ma sai an yi awoyi. Shi ya sa Ummanki take tafiya, tana shan ruwa. Muna lura da ita, kada ki ji tsoro."

Umma ta yi murmushi ta ce, "Ke kanki sai da na yini na kwana kafin ki zo. Tun ranar ba ki sake jinkiri ba."

Sai yarinyar ta tuna wani abu. "Baba, an hura wuta da itacen Umma."

Fuskar Baba ta canza. Yau Litinin, ba kasuwa sai Asabar. Bai yi mata tsawa ba, ya ce, "Koma ki sa a kashe wutar. Duk gidan da kika shiga, ki koma ki faɗi gaskiya."

Ta tarar rabin itacen ya zama toka. Ta bi gida bakwai ɗaya bayan ɗaya, tana cewa, "Ku yi haƙuri, ban ji da kyau ba." Wannan karon a hankali take tafiya. Mai ƙosai har ta tsokane ta, wai ko babur ɗin ne ya haihu.

Ta koma asibiti ta zauna kusa da Tsohuwa. Aka yi azahar. Aka shigar da Umma ɗaki. Aka yi la'asar. Jira da wuya, amma ba ta motsa daga bencin ba.

Can sai suka ji kuka, siriri mai ƙarfi. Goggo Hajjo ta leƙo tana murmushi. "Ta sauka."

Yarinyar ta miƙe za ta fita a guje. Amma ta tsaya.

"Goggo, daga gado ta sauka, ko haihuwa ta yi?"

Kowa ya yi dariya, har ungozoma. "Haihuwa ta yi. Namiji ne, kuma dukansu lafiya."

"In gani tukuna."

Aka nuna mata shi a cikin zane, ja wur, ya dunƙule hannu. Daɗi ya cika ta.

Sannan ta sake bin gida bakwai ɗin. "Umma ta haihu. Namiji ne. Na gan shi da idona."

Maman Bilki ta ce, "To, ga tukwicinki," ta miƙo mata itace biyu. Mai ƙosai ta ba da uku. Matar tela ta ƙara nata. Sai da Kawu Ɓoɓɓo ya ɗauko mata sauran itacen da aka ba ta a babur, yana cewa daga yau shi ma zai riƙa ƙarasa magana.

Washegari Umma ta dawo gida ta tarar da ruwan zafi. Baba ya dafa kan 'yarsa ya ce, "Me kika koya?"

"Haihuwa tana son haƙuri, Baba. Kuma in ji magana har ƙarshe, in tambaya, kafin in kai wa wani."

Ta faɗi haka, ta zauna ta miƙe ƙafa, aka ɗora mata ƙaninta a cinya.