Bakin Turai, Alƙalamin Ladidi

Da zarar mutum ya taka dutsen da ke gabansa, sai mutum-mutumin tagullar da ke Lambun Marubuta ya ɗago kai ya fara ba da labari da muryar marigayiya Turai Mamman. Injiniyoyin birnin Tudun Haske sun ɗura masa duk takardun da aka samu a akwatinta, suka sa wa fasahar suna baki-bayan-rai. Tun daga ranar Lambun Marubuta bai rabu da cinkoso ba.

Hajiya Ladidi ta sauko daga jirgin igiya mai jigilar fasinja ta sama da la'asar, ƙyashi na cin ta, ba ta ma ɓoye wa kanta ba. Shekara talatin suna ƙungiyar marubuta ɗaya da Turai. Littafi sha huɗu ta rubuta, Turai tara, amma ga wadda aka narka wa tagulla. Har hancin sai da suka gyara mata.

Ta tsaya bayan taro tana taɓe baki. Mutum-mutumin na ba da labarin wata masaƙiya da ta makance, mata na share hawaye da bakin mayafi. Nan take Ladidi ta gane labarin. Nata ne, kalma da kalma. A ƙungiyarsu marubuciya kan kai wa 'yar'uwarta rubutu ta duba mata, ba a sa suna don kada a ji nauyin gyara. Ladidi ta kai wa Turai wannan labarin, sai Turai ta rasu yana akwatinta.

Washegari ta ɗauki kwafinta na gida sai ofishin lambun. Injiniya Sagir ya gwada rubutun hannun a na'ura, ya tabbatar nata ne, ya ba ta haƙuri. Ya ce mutum-mutumin ba ya iya ambaton wani marubuci sai mai shi. Ko a bar labarin, ko a goge.

"Mama, wannan labarin ne ke kawo jama'a. Ki bar musu."

"Ta ci tagulla, kuma ta haɗa da hawayen da ni ya kamata a zubar wa? A goge."

Kafin ta gyara mayafi an goge.

Ran Asabar ta dawo da takardunta, ta zauna a benci kusa da mutum-mutumin, ta ɗaga murya tana karantawa. Masu zuwa suka taka dutsen, suka ji wani labari daban, suka juya. Wata mata ce kawai ta tsaya, ta saurare ta kaɗan, sannan ta ce cikin ladabi:

"Hajiya, ki yi haƙuri, ba haka Turai take faɗinsa ba."