Ango a Filin Sukuwa

A ƙofar filin sukuwar Hyderabad Tabrez ya fara ganin Nuzhat, tana jan hannun wani dattijo tana kuka ba sauti. Ranar ce ya lashe gasar hasashen dawaki da wata jarida ke shiryawa, abokai sai zuga shi suke, amma ya bar su ya tsayar mata da a-daidaita-sahu. Ko godiya ba ta yi masa ba. Shi ke nan bawan Allah ya kamu.

Dattijon mahaifinta ne, Mirza Basharat, wanda cacar doki ta cinye masa shagon turare, ta bi da awarwaron matarsa. Duk ranar sukuwa ita ke zuwa kwaso shi, Tabrez kuwa ya mai da bakin ƙofar nan wurin zamansa har ta fara amsa gaisuwarsa.

Da magana ta kai gida, mahaifiyarta ta ce sam. "Na ba doki miji, ba zan ba shi 'ya ba." Har ta fara zancen wani ɗan ƙanwarta mai aiki a Dubai.

Nuzhat ta turo masa saƙo: "Hasken idona, ina sonka, amma na gaji da tsayuwa a ƙofar nan. Ka sake taka filin, ka rasa ni."

Ya rantse ba zai sake taka filin ba, ya kama aiki a shagon taya. Ranar sukuwa yakan rasa inda zai sa kansa. A haka ya daure har uwar ta sauko.

Ranar ɗaurin aure, alƙalin da zai ɗaura auren ya zauna, shinkafar biriyani na hucewa, aka nemi waliyyin amarya aka rasa. Kowa ya san ranar babbar sukuwa ce. Dangin ango suka fara neman takalmansu.

Tabrez ya rubuta mata: "Rabin raina, ni kaɗai na san inda Abbanki ke tsayawa. In na shiga na karya rantsuwa, in ban shiga ba babu aure."

Ta amsa: "Je ka. Kada ka kalli dawakin."

Da kayan angonci ya shiga, 'yan caca na masa tsiya wai ango ya zo neman kuɗin sadaki. Ya sami dattijon jingine da shinge. Ana zagayawa da dawakin a gabansu, kuma kafin ya sunkuyar da kai idonsa ya riga ya faɗa kan wata baƙar goɗiya mai tafiya a natse. Nan take ya san ita za ta ci, kamar yadda yake sani a da.

"Ɗana, faɗa mini wanne, sai mu tafi," in ji Mirza.

"Abba, Nuzhat na zaune cikin lalle tana jiranka."

Dattijon ya fashe da kuka, ya bar shi ya ja hannunsa. Suna bakin ƙofa filin ya kaure da ihu, lasifika na kiran sunan goɗiyar. Tabrez bai waiwaya ba, amma daɗin da ya ji ya ba shi tsoro.

Aka ɗaura aure bayan la'asar, uwar na sa albarka tana share hawaye. Da aka zaunar da su gefe ɗaya, Nuzhat ta tambaye shi ƙasa-ƙasa ko ya kalla. Ya ce sau ɗaya.

"Kuma ka san wanda zai ci."

"Na sani."

Hawaye ya gangaro mata. Sai ta kama hannunsa, irin kamun da take wa mahaifinta a bakin ƙofa, ta riƙe gam.

Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya sa kada ta sake tsayawa a ƙofar nan.