Masu Kiran Zuwaira

Da almuru abin ya fara. Turai na tankaɗe a tsakar gidansu da ke bayan tashar jirgin Kaura Namoda, sai dutse ya faɗo kan kwano. Wani ya biyo shi. Mijinta Haladu, direban babbar mota, ya zagaya bayan gida bai ga kowa ba. Da ya dawo, ɗiyarsu Zuwaira na tsaye bakin rijiya, ta karkata kai kamar mai sauraren rediyon maƙwabta.

"Na'am," ta ce da katanga.

Hutu ta zo daga makarantar horon malamai, ba ta kuma koma ba. Ta bar wanka, ta bar kitso. Ta ce ana karanta tunaninta a lasifikar tasha. Turai ta san wannan karkata kan. Haka yayanta Sanda ya fara a Zurmi yana saurayi, aka sa masa mari a ƙafa, a cikinsa ya rasu.

Wata tsohuwa ta ce a daina ambaton sunan yarinyar, kada mutanen ɓoye su riƙa jin inda take. Aka bi. Gidan ya koma raɗa. Tuwo a bakin ƙofa ake ajiye mata, in ta fito hira ta mutu. Jifa dai ba ta tsaya ba. Ranar da aka kamo ta tana bin layin dogo ba takalmi, Haladu ya tafi wurin maƙeri.

"In ban ɗaure ta ba jirgi zai take ta," ya ce.

"A jira Malam Nuhu na Badarawa," in ji Turai. "Don Allah, Maigida."

Malamin ya iso rana na gab da faɗuwa, tsoho marar yawan magana. Ya ga sabon marin a zaure, ya wuce ciki. Ya zauna nesa kaɗan da yarinyar, ya daɗe yana karatu. Can wata murya mai kauri ta fito daga bakinta.

"Ya isa, tsoho."

"Wane ne kai?"

"Yawa gare mu."

"Mi kunka zo nema?"

"Buɗe munka iske ƙofa. Wa ka kiran ta a gidan ga in ba mu ba? Ku sa mata ƙarfen. Ɗaurarre ya fi daɗin zama."



"Ba a ɗaure ta," in ji Malam. "Ku fita."

Muryar ta yi dariya. "Uwar ta kira ta da sunanta. In ta amsa, mu tafi. Amma ba nisa."

Zuwaira ɗiyar fari ce. Tun ranar suna Turai ba ta taɓa furta wannan sunan ba. "Ke" take cewa, ko "yarinyar nan". Kunyar da ta gada ke nan, da ita ake yabon ta a cikin mata. Ga miji, ga baƙo. Ta buɗe baki, harshen ya ƙi. Daga zaure ta ji ƙarar ƙarfe, akuya ce ta taka marin.

"Zuwaira."

Sunan ya fito a shaƙe, kamar na baƙuwa. Ta sake, da ƙarfi.

Yarinyar ta yi atishawa, jikinta ya saki. "Na'am," ta ce, da muryarta.

A bakin ƙofa Malam ya yi wa Haladu magana, Turai na ji. Ya ce ya ga irin wannan da yawa: yana bin wasu gidaje, ya tsallake wani ya kama wani, galibi a ƙuruciya, kuma yakan dawo. Waɗanda aka bari cikin mutane sun fi samun sauƙi. Waɗanda aka ɗaure bai ga wanda ya tashi ba.

"Rubutuna a sha. Amma ka sa ta jirgi zuwa Zariya, likitocin ƙwaƙwalwa su gan ta. Marin kuma a yi fartanya da shi."

Haladu ya ce to.

Turai ta zauna kan tabarma tana tsefe gashin da ya cukurkuɗe. Zuwaira ta kama hannunta.

"Inna, ke ce kinka kira, ko su ne?"

"Ni ce."

"To sake faɗi. In riƙe muryar, don in bambance."