Kanumfari a Kafaɗar Riga

Ta damƙi kwalar rigarsa da hannu biyu, ta matso da fuskarta kamar mai shirin raɗa masa sirri.

"Hura min numfashinka."

Mai agogo ya yi murmushi, yana zaton wasa ne. "Malama, a bakin shago? Mutane na kallo fa."

"Na ce ka hura..."

Ya hura. Bakinsa fes. Amma a kafaɗar rigarsa akwai abin da hancinta ya haddace tun tana 'yar shekara bakwai: tsamin giya da aka lulluɓe da kanumfari.

Cikin wannan warin ta tashi. Babanta yakan cika bakinsa da kanumfari kafin ya shigo gida, a tunaninsa ya rufe asiri. Ita kuwa daga ɗaki take sauraron sau nawa makullinsa zai kuskure ramin ƙofa, in ya haura uku sai ta tura ƙannenta bayan gado. Ta iya laluben cikin takalma da bayan tankin banɗaki, inda yake ɓoye kwalabensa. Wata biyu ke nan da Baba ya rantse mata ya daina, kuma ta yarda, domin tun daga ranar makulli yake shiga a karo ɗaya.

Hannun mai agogo ne ya fara sace zuciyarta, hannun da ke ɗaukar ƙusa kamar ƙwayar yashi bai taɓa rawa ba. Mahaifiyarsa ta daɗe tana cewa ba za ta haɗa zuri'a da gidan mashayi ba. Sai ga 'yar gwaggon Malama, wadda ta jima da ɗora masa ido, ta zo da tausayin ƙarya tana cewa sau uku tana ganin babur ɗinsa a bayan mashaya.

Nan a bakin shagon Malama ta tambaye shi ko gaskiya ne. Ya ce gaskiya ne, amma sirrin ba nasa ba ne.

Ta kwance agogon da ya ba ta, ta ajiye a kan gilashin shagon, ta tafi.

Washegari da aka tashi daga makaranta ta bi bayansa daga nesa. Ya shiga lungun bayan mashayar, bai jima ba ya fito da wani dattijo da ya kifa kai a kafaɗarsa. Tun kafin ta ga fuskar ta gane takalman.

A ɗakin bayan shago ta iske su. Ya wanke wa Baba fuska, ya haɗa masa shayi mai kauri, ya ajiye masa wani tsohon agogon bango, Baba yana ta juya shi a hannunsa.

Baba ya ɗago, idanunsa jajur. "Uwata... ni na roƙe shi kada ya faɗa miki."

Ba ta dubi Baba ba. Mai agogo ta kafe da ido.

"Makullin fa?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce shi ne yake raka Baba gida, ya buɗe masa ƙofa, ya juya kafin ta fito. Ya ga yadda fuskarta ta washe ne tun da ta ɗauka Baba ya daina, ya kasa ƙwace mata wannan.

"Wata biyu ina barci a kan ƙarya," ta ce. "Shi da kanumfari, kai da makulli."

"Na yi kuskure, masoyiyata."

Ta daɗe tana kallon kafaɗar rigar nan da ta yanke masa hukunci a kanta.

"Daga yau ka bar shi ya kuskure ƙofar. Ko sau goma ne, ina so in ji da kunnena. Ni zan buɗe masa. Mahaifiyarka ma, tare za mu je mu faɗa mata komai."

Sannan ta miƙa masa hannunta.

Ya ɗauko agogon daga aljihunsa. Sau uku yana kuskure ramin maɗaurin, don hannunsa rawa yake yi.

Ta tsaya har ya ɗaure.