Rijiyar Gidan Majemi

Ranar da aka gama shafe gidan Malam Lawal da farar ƙasa, magariba ta sauka a unguwar Limawa ta Yola kamar kullum. Hayaƙin murhu ya kwanta a kan katanga, kaji sun shige akurki. Matarsa Baraka ta ajiye tuwo a kan tabarma, 'yarsu Azumi, mai shekara goma sha uku, ta kawo ruwan wanke hannu. Shi kuwa yana zaune yana kallon bangon da ya yi fari fat, ransa fes.

Gidan na gado ne. Mahaifinsa majemi ne, shekara arba'in yana jiƙa fatu a ramuka uku na bayan gida, cikin toka da kashin kaji da bagaruwa. Lawal ya tsani wannan wari tun yana makaranta, inda yara kan toshe hanci idan ya zauna kusa da su. Ya girma ya zama akawu mai farar riga. Yanzu, shekara biyu da kafa Jihar Arewa maso Gabas, an yi masa canjin aiki zuwa Maiduguri, ya kuma ƙudura sai ya sayar da gidan kafin ya tafi.

Dillalinsa Ɗantani ya riga ya gargaɗe shi. "Akawu, wanda zan kawo maka Malam Silas ne, malamin asibiti daga Numan. Matarsa Keturah ba abin da ke wuce hancinta. In ta ji warin nan, ko zaure ba za ta ƙetare ba."

Sai Lawal ya sa leburori suka kwashe baƙar lakar ramukan, da ruɓaɓɓen gashi, da guntayen fata na shekaru. Kai su bayan gari aikin kwana uku ne da jakuna. Tsohuwar rijiyar gidan kuwa taku goma ce daga ramukan, kuma an kawo famfo unguwar. Aka juye komai a ciki, aka rufe bakinta da siminti, ya jera gwangwanayen furanni a kai.

A magaribar nan, Lawal ya yanko lomar farko ke nan wani abu ya faɗo cikin miya. Baraka ta matso da fitila. Dunƙulen gashin akuya ne, jiƙaƙƙe, tsutsa na motsi a cikinsa. Na biyu ya faɗo a cinyarsa. Suka ɗaga kai, babu kowa a kan katanga, babu ko tsuntsu a sama.

Sannan warin ya taso.

Washegari bangon ya fara tsattsafo da baƙin ruwa, layi-layi, kamar gyambon da ya ƙi warkewa. Lawal ya sake shafawa, kafin azahar baƙin ruwan ya dawo. Ruwan randa ya yi yauƙi. Rigar da aka goge masa da safe ta ɗauki warin mushe, har abokan aiki suka buɗe taga. Idan rana ta yi ja, sai a ji tari daga ƙarƙashin simintin, tarin tsohuwa wadda abu ya shaƙe.

"Malam, me kuka zuba a rijiyar nan?" in ji Baraka.

"Shara ce kawai. Ki bar maganar, kwanan nan masu saye za su zo."

A yamma ta uku suka tarar da Azumi zaune a kan simintin, ta tuge furannin duka. Ta buɗe baki, baƙin ruwa ya zubo da gashi a ciki, ya ɓata zanenta. Lawal ya tsaya nesa, hannu a hanci. Uwar ce ta rungume ta. Wannan tsayuwar tasa ta daɗe tana damunsa daga baya.

Da gari ya waye Baraka ta tafi Yola Gari da kanta, ta dawo bayan la'asar da Modibbo Hamajoɗa, wani siririn tsoho masanin irin wannan ciwo. Bai toshe hanci ba. Ya zauna gaban yarinyar, ya yi karatu a hankali har inuwa ta cika tsakar gida. Can Azumi ta ɗago, idanunta ba nata ba.

"Ya isa, Modibbo, kana ƙona ni." Muryar tsohuwa ce, a shaƙe.

"Wace ce ke? Me yarinya ta yi miki?"

"Ni ce mai rijiyar. Kafin a sa harsashin gidan nan ina ciki. Tambayi ɗan majemi, ga shi can yana ƙyamar 'yarsa." Ta tofar da gashi. "Ubansa shekara arba'in hannunsa cikin ƙazanta, amma bai taɓa kama guga ba sai ya wanke har gwiwar hannu, sau uku. Ko ɗigo bai faɗa ruwana ba. Mai farar riga shi ya cika min baki da ruɓa, ya rufe ni. Tun da ba ni da ɗaki, na shiga wannan. Tsafta gare ta."

"Ba ɗakinki ba ce, kin sani. Ki ji tsoron Allah ki faɗi abin da zai fitar da ke."

"A fasa simintin. Ya sauka da kansa ya kwashe, ba lebura ba, ba shebur ba. Da hannu."

"In ya yi, ki koma ciki?"

"In koma? Na tsani wurin yanzu. Kogin Binuwai zan tafi."

Modibbo ya juyo. "Malam Lawal, ka ji."

"Modibbo, gobe ne masu saye..."

"Malam!" Baraka ta daka masa tsawa, karo na farko a zamansu.

Da hantsi aka fasa simintin, aka ɗaura masa igiya a ƙugu. Lakar ta kai masa ƙirji, da ɗumi kamar cikin dabba. Ya yi amai har ba abin da ya rage, ya ci gaba da cika guga da tafin hannu. Yana ciki Ɗantani ya yi sallama da baƙinsa. Keturah ta kai tsakar gida, ta leƙa, ta ga mutum baƙi ƙirin tsutsa na bin wuyansa.

"Wannan ne maigidan?" ta tambaya cikin mayafi. "Silas, mu tafi."

Lawal ya ji takunsu yana nisa, bai ɗago ba. Kwana biyu ya yi yana kwasa. Da gugan ƙarshe ya hau, Azumi ta yi atishawa sau uku, ta nemi kunu da muryarta. Rijiyar ta tsarkaka, amma ba ta ƙara kawo ruwa ba. Gidan bai sayu ba, aka sa masa kwaɗo suka tafi.

A Maiduguri ya gwada sabulu iri-iri, da lemun tsami, da toka. Warin bai bar hannunsa ba. Wata yamma Azumi tana zuba masa ruwan alwala ta sunkuya, ta shaƙa, ta yi murmushi.

"Baba, hannunka kamar na Kaka."

Ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya ce ta ƙara ruwa, ya wanke har gwiwar hannu, sau uku.