Jakar da Gunvor Ta Kawo Stockholm

"Mama, don Allah ki ba ni jakar nan!"

"In ba ki? Ni da na ɗauko ta tun daga Torsby, sai yanzu za ta gagare ni?"

Majken ta dubi Sixten, saurayinta, wai ko zai sa baki. Ina! Gogan ya kafa wa bango ido kamar yau ya fara ganinsa.

Shekara shida Majken tana Stockholm, uwar, Gunvor, ba ta taɓa takowa ba. Yau kaji, gobe ciwon gwiwa. Kwatsam ta bugo waya, wai tana son ganin zanen tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa da idonta. Majken ta ɗauka bankwana ta zo yi, don saura sati uku su tashi zuwa tsibirin Tasmania, can ƙasar Ostireliya, inda Sixten ya samu aikin shekara huɗu.

A tashar Kungsträdgården, Gunvor ta zuge jakar ta ciro agogon marigayi mijinta.

"Ungo, Sixten. Yana makara da minti biyu, kamar mai shi."

"Haba Gunvor..."

"Karɓi, kada ka sa ni dogon surutu."

A tashar T-Centralen kuma, ƙarƙashin zanen shuɗin ganyen nan da ya lulluɓe kogon tashar, sai ga cokulan azurfa shida da shimfiɗar tebur da ta saƙa da hannunta. Kowanne da 'yar takarda a maƙale, an rubuta Majken.

Gaban Majken ya yanke ya faɗi. Wa bai san sharar mutuwa ba a ƙasar nan? Tsoho ya kwashe gidansa da kansa, ya rabar, ya liƙa suna, don kada ya bar wa 'ya'ya wahala. Haka kakarta ta yi, amma ita tana da tamanin da bakwai. Gunvor fa sittin da ɗaya.

Daga nan suka sauka a Solna centrum. Majken ta tsani tashar nan. Rufin ja wur kamar an yi yanka, ƙasansa zanen daji kore shar da 'yan gidajen ƙauye. Iska mai sanyi na fitowa daga ramin jirgin.

Gunvor ta tsaya tana haki, ta dafa bango.

"Ga garinmu nan," in ji ta, tana nuna zanen. "Kowa ya watse, sai itatuwa."

"Mama, me likita ya ce?"

"Wane likita?"

"Kada ki raina mini hankali! Rigarki tana lilo a jikinki, kin ƙi cin burodin kirfa ɗazu, ke da kike cin uku. Me ya ce?"

Mutanen da ke jiran jirgi suka dukufa kan wayoyinsu, kowa ya zama kurma.

Gunvor ta zauna a benci a hankali. "Hanta ce. Ya ce in na ga bikin tsakiyar bazara, na yi sa'a."

Majken ta juya don ta faɗa jikin Sixten, sai ta ga fuskarsa. Babu ko ɗigon mamaki a cikinta.

"Ka sani..."

"Masoyiyata, ki saurare ni..."

"Tun yaushe?"

"Wata biyu. Ta sa na yi mata alkawari."

"Wata biyu! Kana kallona ina ɗaure kaya ina waƙa? Da sai ka kai ni ƙarshen duniya, a bugo mini waya?"

"Ni na roƙe shi," Gunvor ta katse ta. "Ban taɓa zame wa kowa kaya ba, ba zan fara a kanki ba. Ki tafi ki yi rayuwarki."

"Majken, ina sonki, wallahi ina sonki," Sixten ya ce. "Na ji tsoro ne. Na san in kin ji ba za ki bi ni ba."

Nan ne zuciyarta ta fi ciwo, don gaskiya ya faɗa, kuma duk da haka son nasa bai ragu ba.

"To ka zauna," ta ce. "Wata biyar ne kawai, Sixten. Ka zauna da ni."

Ya girgiza kai. "Ba za su ajiye mini gurbin aikin ba..."

Ƙarar jirgi ta cika kogon. Majken ta saɓa jakar, ta kama hannun uwar, suka shiga. Har ƙofa ta rufe tana sa ran jin takunsa a bayanta. Yana nan tsaye inda ta bar shi, yana kuka kamar yaro.

"Sakarya," Gunvor ta ce, hawaye na bin kuncinta. "Gidan ma babu komai. Har gadonki na bayar. Gado ɗaya ya rage, da kujera ɗaya."

Majken ta kwantar da kai a kafaɗarta, ta ji ƙashi zalla.

"Sai ki matsa mini, Mama. Yanzu ai ba ki da faɗi."