Rijiyar Gidan Maidalma

Ana gab da magariba, uwar Auta tana kwashe shanya a tsakar gida, sai wani abu ya faɗo kan rufin kwano, ya gangaro gabanta. Ta ɗauka ta duba. Ba dutse ba ne, curin dalma ne da ɗuminsa. Kafin ta miƙe wani ya sake faɗowa.

Mijinta tsofaffin batiran mota yake fasawa a bayan gida, ya narka dalmar ya sayar, shi ya sa ake ce masa Maidalma. Ruwan batirin kuwa a rami yake tuttularwa, taku goma daga rijiyarsu. Sana'ar ta karɓe shi har yana gina murhu na biyu. Mutum ne da in ya hango riba, ko uwarsa ce kwance a hanya sai ya tsallake ta.

Kwana bakwai ana jifan nan duk magariba. A na takwas, 'yarsu Auta mai shekara tara, wadda ta daɗe tana fama da ciwon ciki, ta zauna a bakin rijiya ta ƙi tashi. Da uwar ta dafa ta, sai ta juyo da idon da ba nata ba.

Aka ɗauko malam. Ya yi ta karatu har gumi ya jiƙa masa riga, sannan muryar wata tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar. Ta ce a rijiyar nan take tun ba a gina gidan ba, kuma ruwan batir ya kashe mata 'ya'ya uku.

Maidalma ya ja tsaki. Ya ce shi bai taɓa zuba ruwan ba sai da bismilla, don wanda ke wurin ya kauce.

"Mun kauce," in ji muryar, "rijiyar ce ba ta da ƙafa. Ba ni na sa wa 'yarka ciwo ba, abin da ya kashe nawa shi take sha. Ita kaɗai ke min sallama in ta zo ɗiban ruwa, shi ya sa na shiga na riƙe ta. Ka kashe murhu, ka cike ramin, in zauna har ta warke. In na fita yau, ba mai riƙe ta."

Malam ya ce masa ya yi tunani. Uwar ta durƙusa ta kama ƙafar mijinta tana kuka. Ya fizge, ya ce aljani da ƙarya aka san shi, ga batira mota guda an sauke, kuma malam fitarwa aka kira shi ya yi, ba sulhu ba.

"Ba sai an kore ni ba," in ji muryar, a hankali.

Auta ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce ƙishirwa take ji. Maidalma ya yi dariya, ya ja guga da kansa, ya cika kofi. Uwar ta kaɓar da shi. Ya ɗauke ta da mari, ya sake cikawa, ya ba yarinyar yana kallon matarsa.

Jifa ya tsaya daga ranar. A kwana na huɗu bayan haka, murhu na biyu yana hayaƙi, Auta ta cika a kan cinyar uwarta.

Da mata suka nufi rijiya don ruwan wankan gawa, uwar ta tare su. Ta ɗauki bokiti, ta yi tafiya mai nisa ta ɗebo mai kyau. Shi ne ruwa mai tsabta na farko da Auta ta samu a gidan ubanta.